Maciji, Ƙoƙo, Gwafa

Madarumfa, ranar Asabar

Zuwa ga abokina Isma'ila, sarkin masu tura baro na birnin Kano,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, wadda ta fi buhunan da kake turawa nauyi. Ina fatan kana lafiya, kai da mutanen ɗakinku, da wannan ƙaton kan naka da har yau ba a ɗinka hular da za ta shige shi ba. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Na ga tsohuwarka jiya tana ban ruwan albasa a bakin tabki, ta ce in ka ƙara wata guda ba ka dawo ba, awaki za ta ba ɗakinka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Salulata ta faɗa tabki tun wancan sati, kuma maganar da ke bakina ba ta wayar aro ba ce, ka san Madarumfa. Shi ya sa na ɗauko tawadar allo na rubuto maka da ajaminmu, Aliyu direba zai kawo maka. In ka ga wasali ya ɓace, gaggawa ce.

Isma'ila, na yi ɓarna. Ba irin ta kwaɗon da na sa maka cikin takalmi ba.

Ka san injin wasan nan na Kawu Illo, mai tsawon mutum, wanda ya taho da shi shekara ukku da suka wuce, lokacin da aka rufe ɗakin wasanni na babban kantin nan mai bene na Kano inda ya yi shekara goma sha ɗaya yana aiki. Yana ɗakin zaure a lulluɓe da zane, ba mai taɓa shi. Ranar Juma'a kaɗai, in an sauko masallaci, Kawu ke kunna shi, matarshi Inna Ɗelu ta zo ta zauna a tabarma ta dubi sunan ɗanta Yusuf a saman gilashin. Yau shekara huɗu da Yusuf ya yi arewa, muryarshi ta ƙarshe daga Agadas aka ji ta. Inna ta sa a ranta muddin sunan nan yana sama, to yana da rai a wani wuri. Kowa a gidan ya san haka, ba dai mai faɗi.

To Asabar ɗin da ta wuce Kawu ya tafi Maradi a yi mishi aikin ido, an ce sai hawan jininshi ya sauka tukuna, zai jima a gidan ƙanenshi. Ya ba ni makullin ɗakin, ya nuna mani inda ake kunnawa, ya ce in kunna ma Inna ranar Juma'a in kashe, kada in taɓa sandar da ake wasan da ita. Ka ji fa. Ni ya ce ma kada in taɓa.

Ina jin bai kai tasha ba na taɓa. Akwai gwangwanin jeto, kwabban ƙarfen da ake wasan da su, a ƙarƙashi, ka jefa guda, ka buɗe ƴar ƙofa ka ɗauke abinka ka sake jefawa. Ɗan jirgi ne ake ba ka, wasu abubuwa kamar fara suna saukowa daga sama, kai kana kaucewa kana harbi. Isma'ila, kwana shidda ban san inda rana take ba. Duk lokacin da jirgina ya ƙone, sai injin ya fito da haruffan boko yana jira. Ni me na sani? Sai in doki jan maɓalli sau ukku don ya rufe mani baki, ya rubuta wani harafi mai kama da jinkar ɗaki sau ukku, in koma wasana. Sunan Yusuf kuwa na ɗauka irin wanda ake rubutawa a goshin kamyo, babbar motar kaya, ne, inda aka sa shi nan yake.

Jiya Juma'a na kunna. Nusaiba, ƙanwar Yusuf, taubashiyar tawa mai koyarwa a lakkwal, makarantar boko, ta riga uwarta zuwa da tabarma. Har na shirya mata tsokana a kan sabon gilashin idonta. Sai na ga ta tsaya, tabarmar ta zame daga hannunta. Ita ta bayyana mani: layi goma ne a gilashin, wanda ya fi maki shi ke hawa sama ya tura na ƙasa. Jinkokin nan da na doka ne suka cinye layi tara. Yusuf yana na goma, can ƙasa. In wani ya ƙara wuce shi sau ɗaya, ya fita ke nan, ba ya dawowa.

Muna jin takun Inna na fizge wayar injin daga bango. Na ce mata an ɗauke wuta. Injin niƙan maƙwabta, wanda wutarmu ɗaya da shi, yana ta ruri. Ta dube ni, ta dubi bangon da ƙarar ke fitowa, ta naɗe tabarmarta ta koma ciki. Da ma zagina ta yi.

Abin da nake roƙonka, ka ajiye baronka rabin yini ka je kantin nan. Ka nemi duk wanda ya yi aiki da Kawu, ka tambaye shi yadda ake mayar da suna sama. Kada ka ce ni ne. Ka ce wani wawa ne a garinku.

Ka gai da mutanen ɗakinku. Allah Ya tsare.

Naka,
Ɗan Baba

Madarumfa, ranar Laraba

Abokina Isma'ila,

Sallama da gaisuwa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kuma gwiwar ta yi sauƙi. Takardarka ta iso jiya. Na gode, Allah Ya bar zumunci. Amma ba a takardar na ji labarin faɗuwar da ka yi a kan matakalar nan mai tafiya da kanta ba, Aliyu ne ya ba ni, har da yadda takalminka ya riga ka isa sama. Na yi dariya, karo na farko tun Juma'a. Kada ka damu, mutum biyar kaɗai na faɗa ma.

Na karanta abin da ka rubuto sau ukku ko zan samu wata ƙofa, ban samu ba. Ka ce wurin yanzu salula da takalma ake sayarwa, ko alamar injin babu. Ka ce ka samu Hajiya Hussaina, wadda ke ba da jeto a da, yanzu tana sayar da rigunan waya a ƙofar. Labarin da ta ba ka ya tsaya mani a rai. Wai injinan tun zuwansu tsofaffi ne, daga kantunan ƙasashen waje aka kwaso su bayan an daina yayinsu can, don yaran can sun samu na gida da ake haɗawa da telebijin. Wai a shekarun farko, ranar Salla layi har waje, iyaye su ajiye ɗiyansu su tafi sayayya, su dawo a yi ta kuka kafin a ɓamɓare yaro daga sanda. Sai wasa ya koma cikin salula, ɗakin ya yi ta raguwa har ya zama Kawu da ita ne ke kallon juna. Da aka rufe, ƴan gwangwan suka farfasa sauran, Kawu ya roƙi wannan guda saboda sunan da ke ciki. Ban taɓa tambayarshi ba, shekara ukku. Ni dai tsokanarshi nake yi in ce ya auro amarya mai ido ɗaya ya kulle.

Ka ce ta ce ba wani makulli da ke motsa suna. Ko dai a goge duka goman, ko mutum ya ci da hannunshi.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mani kai. Ta ce makin Yusuf shekara biyu ba wanda ya kusance shi, har ɗiyan masu hali da ke yini a wurin, sai dai su kewaye shi su yi kallo in ya kama sanda bayan ya taya ubanshi shara. To ni wane ne da zan wuce shi sau tara cikin kwana shidda? Ni da ko jaki ban iya juyawa ba? Na fara tsoron ko wani abu ne ya shiga hannuna.

Inna ba ta ce mani kome ba har yau. Amma ta daina fita da ƙosai da safe. Rediyo ke manne da kunnenta, in aka ambaci hamada ko Libiya sai ta ɗaga hannu kowa ya yi shiru. Jiya ta tare Aliyu a ƙofar gida tana tambayarshi ko ya ji an ce an tsinci wasu. Ni kuwa ina bayan katanga kamar ɓarawon kaza.

Ga abin da na yanke. Gobe Alhamis zan shiga in wuce makina na sama, in injin ya tambayi suna in rubuta na Yusuf. Na san in na yi haka layin gaskiyar, wanda ya buga da hannunshi, zai faɗi. Nusaiba ta ce in na kuskura ba ita ba ni, a jira ubanta ya dawo. Amma jibi Juma'a, Isma'ila, kuma ba zan iya sake cewa an ɗauke wuta ba. Inna suna take so ta gani a sama, ba za ta san hannun wa ba ne.

Na kunna ɗazu na kwafe sunan a allona, babba babba. Harafi ukku ne kawai: mai kama da maciji, sai mai kama da ƙoƙo, sai mai kama da gwafa. Wanda ya rubuta izu goma da hannunshi, wannan zai gagare shi?

Ka yi mani addu'a, ko da ta masu faɗuwa a matakala ce.

Abokinka,
Ɗan Baba

Madarumfa, ranar Asabar

Isma'ila,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ni jikina lafiya. Tsohuwarka ma lafiya, ta cire albasarta. Ba ni da tsokana yau, ka yi haƙuri.

Na shiga ranar Alhamis da hantsi, Nusaiba tana lakkwal. Na jingine allon a gefen gilashi. Sau goma sha wani abu jirgina yana ƙonewa kafin in kai ko'ina, don da gangan nake sakin sanda in na ga ba zan kai sama ba, kada in ture Yusuf a banza. Can wajen azahar hannuna ya saki. Ban taɓa wasa irin wannan ba, farar nan kamar suna jirana. Na wuce makina na sama da nisa. Injin ya fito da haruffa, wata lamba tana raguwa a gefe tana gaggauta ni. Ido ɗaya a allo, ido ɗaya a sanda, na nemo maciji na doka, na nemo ƙoƙo na doka, na nemo gwafa na doka.

Sai da layin ya hau sama na ga macijin ya koma hagu, gwafar tana dama. Na duba ƙasa in gwada da na Yusuf. Babu shi. Jinkata ce a layi na goma.

Isma'ila, na sani tun muna yara cewa ƴan lakkwal daga hagu suke farawa, mun sha yi musu dariya a kai. Kaina ya sani, idona ne bai sani ba. Ido ya saba da allo, daga dama ya ɗauko, injin kuma ya jera daga hagu.

Da Nusaiba ta dawo ban ɓoye mata ba. Ta duba, ta karanta a hankali. Ta ce gwafar nan ita ce harafin ya na Yusuf, macijin shi ne sin, ni kuwa abin da na rubuta, in ɗan boko ya karanta, farkon suya ne. Na sa sunan wanta a saman gilashi na mai da shi suya. Dariya ta kuɓuce mata, ta toshe baki, dariyar ta juye ta zama kuka ba tare da ta sauke hannun ba. Tun muna yara nake sa ta kuka da tsokana, na san kowane iri nata. Wannan ban san shi ba. Ta zare makullin daga ƙofa ta sa a jakarta.

Jiya Inna ta fito da tabarmarta tun kafin a sauko masallaci, ta zauna a ƙofar ɗakin. Na ce mata makulli ya ɓace. Ta dube ni ta ce, “Ɗan Baba, ka yi wasanka da kowa, ban taɓa hana ka ba. Wannan kada ka yi da ni.” Ta ɗauka ɓoyewa na yi don in tsokane ta. Ka ga inda halina ya kai ni. Ta zauna nan har la'asar ko zan fito da shi ina dariya.

Nusaiba ta ce tun daren jiya ruwa kaɗai Inna ta sha. Ta ce ta ji ta tana faɗa ma maƙwabciya cewa Juma'a biyu a jere ba banza ba, an hana ta gani ne don akwai abin da aka ji ake ɓoye mata.

An yi ma Kawu aikin, an ce ya yi kyau, ranar Laraba zai dawo. Idon da aka gyara mishi, abin da zai fara gani da shi ke nan.

Ina tambayarka, tabarmarka tana ɗaukar mutum biyu? Na iya tura baro, ko ban iya ba zan koya. Har na yi ma Aliyu maganar wuri a motarshi ranar Talata. Amma duk lokacin da na ɗaure kayana sai in tuna in na tafi, ba wanda zai ce ma Inna laifin nawa ne, ba labarin mutuwa ba ne. Sai in kwance. Yau sau ukku ke nan.

Ka gafarce ni da dogon surutu. Allah Ya sa mu gana da alheri.

Ɗan Baba

Madarumfa, ranar Asabar

Zuwa ga Isma'ila mai ƙaton kai,

Sallama irin ta Musulunci, da gaisuwar da ta fi ta wancan sati ƙarfi. Ina fatan kana lafiya. Ka naɗe rabin tabarmar da ka shimfiɗa mani, ban zuwa. Na gode da ka ce in taho. Wannan takardar in ka karanta ka ƙona ta, akwai maganar da ba tawa ba a ciki.

Kawu ya dawo Laraba, ido ɗaya a liƙe, da baƙin gilashi kamar ɗan duwan mai tsare kaya a iyaka. Ban jira Nusaiba ta kai ƙara ba. Bayan la'asar na bi shi garka, yana zaune gindin mangwaro, na durƙusa na faɗi kome, tun daga gwangwanin jeto har suya. Na sunkuyar da kai ina jiran sanda. Sai na ji wani sauti, na ɗaga ido, ashe dariya yake dannewa yana riƙe da liƙaƙƙen idon kada ɗinki ya ɓalle.

Da ya natsu ya ce in matso. Ya ce hannun Yusuf ya goge tun a Ɗan Isa. Lokacin da yake tahowa da injin, kamyon ya yi kwana huɗu a tsaye a iyaka cikin rana, ɗan pil ɗin, wato batirin, da ke riƙe sunaye a ciki ya mutu. Ya iso gida ya kunna, babu kome. Inna kuwa ya riga ya yi mata albishir ta waya cewa ga sunan ɗanta nan tafe. Sai ya ce mata injin yana son gyara, ya sa sabon pil, ya kulle kanshi wata guda da rabi. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana goge injinan nan bai taɓa jefa jeto ba, ya ajiye carbi ya kama sanda, har ya samu ya hau sama ya rubuta sunan.

Ya ce, “Ni ka wuce, ɗan nema, ba Yusuf ba. Shi da za ka shekara ba ka kai ƙafarshi ba.”

Ya ce ko Nusaiba ba ta sani ba, kuma ba za ta sani ba. Sannan ya karɓo makullin ya ba ni, ya ce ina da Alhamis da safiyar Juma'a in wuce suyata in rubuta daidai, shi idonshi ba zai iya ba.

Isma'ila, na kasa. Yana zaune bayana yana cewa hagu, dama, ni hannuna kamar na aro. Ko layi na goma ban kai ba. Jiya har aka yi kiran farko ina kai. Kawu ya dafa kafaɗata ya ce ya isa, mu je masallaci, in mun dawo shi zai yi mata bayani. A hanya na ga sau biyu yana tuntuɓe a inda babu dutse.

Muka dawo muka tarar da ita a ƙofa, Nusaiba na riƙe da ita don ta rame. Na kunna. Ta zauna ta ƙura ma gilashin ido. Ta daɗe. Sai ta tambaya wa ya taɓa. Na ce ni ne, Inna. Kawu ya gyara murya zai fara, ta ɗaga mishi hannu.

Ashe tun shekarar farko Nusaiba ta nuna mata cewa gwafar ita ce harafin ya na Yusuf. Inna kuwa allo ta yi, kamar ni da kai. Ta miƙa yatsa ta taɓa gilashin daga dama.

Ta ce, “Shekara ukku ina kallon sunan nan ya ba ni baya, gwafar tana can ƙarshe kamar mai fita. Ban faɗa ma kowa ba. Yau ga ta a farko. Ya juyo.”

Nusaiba ta buɗe baki, malama ce, gyara ya zo mata. Kawu ya riƙe mata hannu, ta rufe. Inna ta gama kallonta, ta ce a kashe kada ya yi zafi, ta shiga ciki ta ci tuwo har da ƙari.

Kawu ya karɓe makullinshi. Ya ce duk ranar da na sake taɓa sandar nan, ko da daidai zan rubuta, sai ya karya mani yatsu. Nusaiba kuma ta sa mani suna Mai Suya, har ƴan ajinta sun ɗauka. Na ƙyale ta, ta ci wannan.

Ka ga kamar na tsira ko? Ni ban ga haka ba. Yau da safe na shiga gaishe ta na tarar ta buɗe ɗakin Yusuf, ta share, ta shanya katifarshi a rana. Tana ta waƙe-waƙenta. Isma'ila, da ta kwana tana jiran labarin mutuwa, ni na jawo. Yanzu tana jiran sallamarshi a zaure, wannan ma ni na jawo, kuma ban san wanne ya fi nauyi ba.

Don haka ga aikin da zan ƙara maka. Litinin zan fara zuwa tashar Maradi in tambayi direbobin Agadas ɗaya bayan ɗaya. Kai kuma ka riƙa leƙa inda masu dawowa daga arewa ke sauka a nan Kano, don garin ya sani, zai iya faɗawa can kafin nan. Ka koma wurin Hajiya Hussaina ka ce ta sa ido, in ya zo ba zai rasa leƙa tsohon wurinsu ba. Ka tuna shi ai: dogo, mai wushirya, da tabo a girar hagu inda na jefe shi da ƙwallon goruba.

In ka gan shi, ko ka ga wanda ya gan shi, kada ka ba shi labarin suya. Ka ce mishi an share ɗakinshi.

Allah Ya tsare mana kai, Ya dawo da kai kafin ruwan shuka.

Naka har kullum,
Ɗan Baba